Harajin mai da sauyin yanayi: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tun da maganar ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan man fetur ta fito, ana ta haɗa ta da batun sauyin yanayi, ba na zuwa taron manoma in dawo ban sha tambayoyi iri ɗaya ba. Na amsa a fadama, na amsa a waya, na amsa a bakin masallaci bayan la'asar. Ga su nan a rubuce. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wai da gaske akwai sauyin yanayi, ko ƙirƙirar Turawa ce don su tatse mu?

Da gaske ne. Ka tambayi mahaifinka sau nawa yake shuka gero yana saurayi, sau nawa kuma ake sake shuka yanzu kafin damina ta zauna. Shekarar 2024 ce mafi zafi tun da aka fara ajiye ƙididdiga. A watan Afrilunta, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali.

Ba Allah ne yake saukar da ruwa ba?

Shi ne, kuma Shi ya sanya wa komai sababi. Kai da ka yarda rashin taki yana rage amfanin gona, me ya hana ka yarda hayaƙi yana ƙara zafi? Don Allah a daina kafirta mutane a kan wannan magana.

Mene ne ainihin harajin?

Kashi 5 cikin ɗari ne a kan farashin fetur da dizal. Yana cikin dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025. Ba sabon abu ba ne, tun 2007 yake cikin dokar FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, ba a dai aiwatar da shi ba. Dokar ta cire kananzir na gida, da gas na girki, da gas na mota da ake kira CNG. Ta kuma ce ba za a fara karɓa ba sai ministan kuɗi ya fitar da umarni a hukumance. In lita tana naira 900, ƙarin naira 45 ke nan. Masu yaɗa cewa za a riƙa cajin hayaƙin murhu, su ji tsoron Allah.

To ina kuɗin za su tafi?

Nan kuna da gaskiya, ba zan ɓata muku lokaci da kare kowa ba. An ce hanyoyi za a gyara. A 2012 ma an kafa SURE-P, shirin yin ayyuka da rarar tallafin mai, da alkawari irin wannan. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, talaka yana ta dube-duben inda rarar ta shiga. Asusun kula da muhalli kuwa tun 1981 yake, kuma a 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya daga irin wannan kuɗi, aka yi masa afuwa a 2022. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Har yau dattawa suna ambaton PTF, hukumar yin ayyuka da rarar kuɗin mai ta zamanin Abacha, don sun ga tambarinta a jikin magani a asibiti, sun ga kwalta a garinsu. Abin da zan hana ku guda ɗaya ne: kada haushin masu cin amana ya sa ku ƙaryata zafin da kuke kwana a cikinsa. Maganganu biyu ne, a raba su.

Mu ne muka ɓata duniyar da za mu biya?

Ba mu ba ne. Afirka baki ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. A 2009 a Kopenhegen ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, ba su cika a kan lokaci ba, kuma mafi yawan abin da ya zo bashi ne. A gida ma, a fara da kamfanonin da ke ƙona gas dare da rana a Neja Delta kafin a zo kan ɗan acaɓa.

Ni manomin rani ne. In sayar da injin ban ruwa na fetur in sayi na sola kafin harajin ya zo?

Kada ka yi gaggawa, kuma kada naira 45 ta zama dalilinka. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne kuɗin man da kake ƙonawa tun yanzu. Ka ɗauki takarda ka rubuta lita nawa kake sha a mako, mako nawa daga dashe zuwa girbi, sau nawa kake noma a shekara. In sau biyu kake yi, ga tumatir ga albasa ko shinkafa, mai yiwuwa sola ta mayar maka da kuɗinta da wuri. In 'yar kadada ce sau ɗaya a shekara, wataƙila ka daɗe ba ka farfaɗo ba.

Sai zurfin ruwa. A fadamar da ruwa ke kusa, ƙaramin famfo ya isa. Inda ruwan ke ja da baya a watan Maris da Afrilu, lokacin da shuka ta fi ƙishi, lissafi ya canza, kana buƙatar farantin sola da yawa. Na tsaya a gonar wani bawan Allah da ya sayar da shanu biyu ya haɗa sola, mai sayarwa bai auna masa rijiyar ba. Da hantsi ruwa na zuwa kamar bakin buta, kafin ya cika kwami uku rana ta karkata. Ya koma haya injin maƙwabci, albasa na yaushi yana kallo. Ba laifin rana ba ne, laifin awo ne.

Ka tuna sola tana aiki ne lokacin da rana take, kai kuma ka saba ban ruwa da asuba ko da yamma. Ko dai ka sauya lokaci, ko ka tanadi wurin tara ruwa. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti, sai kana gogewa. Ɓarayi suna son su, don haka ko ka kwana a gona ko ka riƙa kwashewa gida kullum. Kasuwa kuma cike take da faranti na jabu da aka liƙa wa lambar ƙarya. Shawarata, in da hali, ku haɗu ku uku ko huɗu masu gonaki kusa, ku je ku ga wanda ya yi shekara yana amfani da irin wanda za ku saya, ku tambaye shi wa ke gyara masa in ya lalace. Tsohon injinka kuwa ka riƙe shi aƙalla kaka ɗaya. Wanda kuma ba shi da hali, kada ya ci bashin ruwa a kan wannan, ba a makara ba.

Ambaliyar Maiduguri ma sauyin yanayi ne?

Da shi, da sakaci. Ruwan 2024 ya yi yawa, amma madatsar Alau ta daɗe tana neman gyara kafin ta ɓalle a watan Satumba. Haka gini a kan hanyar ruwa da cusa leda a kwata. Kada wani jami'i ya ɓuya a bayan gajimare.

Wasu ƙasashen sun karɓi irin wannan haraji?

Suwidin tana karɓa tun 1991. A Faransa ƙarin harajin mai ya fito da masu zanga-zanga sanye da riga ruwan ɗorawa kan titi a Nuwamban 2018, gwamnati ta janye. Gana ta sa harajin hayaƙi a kan ababen hawa a 2024, ta soke shi a 2025. 'Yan uwanmu na zango a Kumasi da Ankara sun san labarin.

Kai kana goyon bayansa ko a'a?

A halin da ake ciki, a'a. Duk lokacin da sufuri ya ƙara tsada, kuɗin cefane ke raguwa, uwar gida ta ajiye tukunyar gas ta koma gawayi, ko da ba a sa wa gas ɗin haraji ba. Ku tsaya a bakin hanya da yamma ku ƙirga motocin itace da buhunan gawayi da ke shiga gari. Wannan dajinmu ne ke tafiya. A Maraɗi da Damagaram manoma sun dawo da miliyoyin itatuwa tun bayan farin 1984, ta hanyar barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma a gona, da zarar sun tabbata itacen nasu ne. In gwamnati ta fara sauƙaƙa gas na girki, ta kai tashoshin CNG garuruwan Arewa, ta riƙa wallafa abin da ta karɓa da hanyar da ta gyara da shi, a dawo a tambaye ni.