"Sikirif ne": kalmar da ta zama gishirin kowace miya

Daren Lahadin da ta wuce, a gidan kallon unguwarmu, alƙalin wasa ya busa fenariti ana dab da tashi. Sai wani yaro da ke bayana ya zabura, ya daki benci ya ce, "Wallahi sikirif ne! Tun kafin a shigo fili aka rubuta shi." Washegari na ji wani mai sharhi a rediyo yana cewa hukuncin kotu kan zaɓe ma sikirif ne. Da yamma mai shayinmu ya ɗora da cewa tsadar fetur ita ce babban sikirif.

Asalin kalmar ba ya buƙatar dogon bayani, kowa ya san daga bakin 'yan fim ta fito, wato rubutaccen labarin da ake bi a shirya wasa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake zuba abubuwa biyu mabambanta a ƙwarya ɗaya: wasan da aka sayar, da wasan da aka tsara domin ɗan kallo.

Sayar da wasa mun san shi a gida. A 2013 a Bauci, ƙungiyoyi biyu na neman hayewa rukuni na gaba, kuma yawan ƙwallaye ne zai raba su. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta kori 'yan wasan har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin shekara 10. Wannan ba sikirif ba ne, cuta ce tsagwaronta. Babu wanda ya zauna ya yi tunanin yadda ɗan kallo zai ji daɗi. Da za su iya ma, da a ɓoye za su buga, ba mai gani.

Sikirif kuwa don mai kallo ake yin sa, kuma in ana son a ga yadda yake shiga wasa sannu a hankali har ya cinye shi, ban san misalin da ya kai wani wasan Amurkawa da ake kira rola dabi ba. Tsere ne a kan takalmin taya. Kada "dabi" ɗin ta ruɗe ku da ta ƙwallo, inda ake nufin karawar maƙwabta. A nan ma'anarta ta farko ake nufi, wato tsere, daga sukuwar dawakin Ingila da aka fara a 1780 aka sa mata sunan wani basarake.

Wani ɗan kasuwa mai suna Leo Seltzer ne ya fara shi a Chicago ranar 13 ga Agustan 1935, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. Da ma sana'arsa ke nan, tara mutane su yi ta tafiya a cikin zaure kwana da kwanaki ana biyan kuɗi ana kallon wanda zai fara faɗuwa. Sai ya sa musu takalmin taya. Ya haɗa su biyu-biyu, mace da namiji, har kashi 25, suna kewaya fili a kan cewa wai suna ratsa Amurka ne daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. An kafa wata babbar taswira a bango mai ƙananan fitilu, tana nuna garin da kowane kashi ya "isa". A tsakiyar filin suke kwana a kan gadaje, jama'a na kallo. Sai da aka haura wata guda kafin Clarice Martin da Bernie McKay su yi nasara.

Ku lura, tun ranar farko akwai ƙage a ciki, tunda babu wanda ya bar Chicago. Amma gajiyar ta gaske ce, kumburin ƙafa na gaske ne, wanda ya ci kuma da guminsa ya ci.

Matsalar ita ce kallon mutane suna zagaye wuri ɗaya yana gundura. An lura jama'a ba sa ihu sai in an yi karo, wani ya bangaje wani ya faɗi. A ƙarshen shekarun 1930 marubucin wasanni Damon Runyon ya ga wasan a Miami, ya ba Seltzer shawarar ya mai da bangazar ita ce wasan. Daga nan aka samu tsarin da har yau ake bi: ƙungiya biyu, mutum biyar-biyar, a wancan lokaci a fili mai gangara kamar bakin tasa. Mutum ɗaya daga kowane ɓangare zai kutsa ta cikin cunkoson, ya zagayo, duk abokin hamayyar da ya wuce maki ɗaya ne. Sauran aikinsu tare hanya da kafaɗa da ƙugu. A da, mata su yi zangonsu, maza su yi nasu, a haɗa makin wuri ɗaya, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani.

Talabijin ce ta ƙarasa aikin. A watan Nuwamban 1948 tashar CBS ta fara nuna wasan daga New York, daga baya ABC ta ɗauka. Ita kuwa kamara fuska take so, da gaba, da wanda za a tsana. Sai ga Midge Brasuhn, 'yar guntuwar mace mai zafin kai da ake wa laƙabi da Toughie, an haɗa ta gaba da Gerry Murray kyakkyawa. Mutane na kunna akwati ne don su ga yadda za ta kaya tsakanin matan nan biyu, makin kuwa ko oho. Shi Leo Seltzer har ya mutu burinsa a ɗauki abin a matsayin wasa na gaskiya, har yana mafarkin Olamfik. Amma abin da ke cika masa zaure daban ne da abin da yake mafarki.

Da ɗansa Jerry ya karɓi ragama a ƙarshen shekarun 1950, ya mai da cibiyar yankin San Francisco, ya gina komai a kan ƙungiyar Bay Bombers, yana ɗaukar wasanninta a faifai yana rarraba wa tashoshi. Joan Weston ce jarumar da ake so. Ann Calvello, mai rina gashinta kala-kala, ita ce muguwar da ake wa ihu, kuma ta riƙe wannan matsayi da alfahari. A nan ne kalmar tamu ta fi wuyar sha'ani. Gudun na gaske ne, karaya ta gaske ce, amma faɗan da ake yi a gefen fili da zage-zagen gaban kamara, kowa ya san akwai shiri a ciki. In ka ce duka ƙarya ne ka zalunci wadda ta karye a kafaɗa. In ka ce duka gaskiya ne ka raina wa kanka hankali.

A Los Angeles kuwa wani Bill Griffiths ya kafa kishiya a farkon shekarun 1960 mai suna Roller Games, da ƙungiyarsa Thunderbirds, shi kam bai tsaya kunya ba. Masu horarwa na shigowa fili su yi dambe, ana ƙulla gaba a wannan mako a warware ta a mako mai zuwa, tamkar wasan kwaikwayo mai dogon zango. Kasuwa ta buɗe. A watan Satumban 1972 sama da mutum 50,000 suka cika filin Comiskey Park na Chicago. Shekara guda bayan haka, a 1973, Jerry Seltzer ya rufe shago, tsadar mai ta sa yawo da 'yan wasa gari-gari ya gagara. Fage ya zama na masu shiri.

Ra'ayina a nan, kuma ba na ɓoye shi: sikirif ba laifi ba ne, amma maciyi ne da ba ya ƙoshi. In ka saba wa mutane da mari yau, gobe sai ka kawo kujera a rotsa wa wani. A 1989 da aka dawo da wasan a talabijin da sunan RollerGames, an gina fili mai siffar lamba 8 da wani bango mai tsayi da ake hawa a guje, sannan in an yi kunnen doki akwai ramin kadoji, kadoji na gaske, da ake tura wanda ya sha kaye. Zango ɗaya aka yi abin ya mutu. An sake gwadawa a 1999 da RollerJam, shi ma bai wuce 2001 ba. A shekarar 1989 ɗin nan ce kuma kamfanin kokawar Turawa na Vince McMahon ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne ba gasa ba, don ya kuɓuta daga hukumar da ke sa ido kan wasanni. Wato mai sikirif na gaske, in ta kama, da bakinsa yake faɗa, kuma washegari zaurensa ya cika. Mai sayar da wasa kuwa rantsuwa zai yi ta yi har a kore shi.

Wani abin ban sha'awa, matan da suka farfaɗo da rola dabi a Austin ta jihar Texas daga 2001 sun yi akasin haka. Sun riƙe sunayen ban tsoro da kwalliyar fuska da suka gada, suka watsar da shirin. Suka sauko da wasan kan daɓe shimfiɗaɗɗe, suka kafa hukumarsu ta WFTDA, da dokoki a rubuce da alƙalai, kowane kutse bai wuce minti 2 ba. Mai neman maki tana da tauraro a hular kwanonta. In ka gan su da fenti a fuska za ka rantse shiri ne, alhali babu wanda ya san wa zai ci sai an tashi.

Shi kuwa yaron nan na gidan kallo, da aka fito na tare shi na ce, "Ɗan samari, in an riga an rubuta, me ya sa ka cire riga kana tsalle lokacin da kuka farke?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai wannan ba ta cikin sikirif ɗin." Ranar Laraba na same shi a benci na gaba, ya riga ni biyan kuɗin shiga.