Waiwaye: Daga motar majigi zuwa lakca a WhatsApp

Koyarwa da hoto mai motsi ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun zamanin Turawa motar majigi kan shigo gari da almuru, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna tsabtar gida ko noman auduga, tafinta yana bayani da Hausa. Fili kan cika ba tare da an tilasta wa kowa ba.

Jami'a kuwa tsarin Ingila ta gada. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, malami kan yi lakca, a raba ɗalibai rukuni-rukuni su tattauna, sauran aikin kuma a laburare. Tsarin ya yi amfani saboda ɗaliban ba su da yawa, malami ya san fuskar kowa.

Al'amura sun juya bayan 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP na gyaran tattalin arziki. Naira ta faɗi, littattafan waje suka gagari laburare, manyan malamai da dama suka tafi ƙetare, ɗalibai kuma sai ƙaruwa suke yi. A nan handawut, wato takardun bayanin darasi da malami ke bai wa ɗalibai, ya samu gindin zama. Malami ya tsaya gaban ɗaruruwa yana shifta, na baya ba ya ji, sai ya ari littafin na gaba ya kwafa. Ɗalibi ya gane cewa abin da ake so a wurinsa shi ne ya haddace, ya mayar wa malam kayansa ranar jarrabawa, ya tsira daga kariyoba, wato maimaita kwas ɗin da ya faɗi. A ganina wannan ne ya kashe wa ɗalibai sha'awar karatu, tun kafin a fara kukan rashin na'ura.

Bayan dokar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta 2011 an ga sababbin ɗakunan lakca da majigi da kwamfutoci. Inda malami ya nuna bugun zuciya a bidiyo, ya tsayar da shi ya tambayi aji me suka gani, har mai gyangyaɗi yakan farka. Amma a azuzuwa da yawa tsohon handawut aka haska a bango, malami na karantawa, ɗalibai na ɗauka da waya. In an ɗauke wuta, shi ke nan.

Korona ta tona asirin a 2020. An rufe makarantu a watan Maris, ga yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, da ya kai har Disamba. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun koma Zoom, ɗaliban jami'o'in gwamnati kuwa suna gida. Da aka dawo, WhatsApp ya zama aji na biyu: wakilin aji ya tura takardu da muryar malam, mai kuɗin data ya sauke, ya tura wa abokin ɗakinsa ta manhajar Xender, wadda ba ta bukatar data.