Dashen Zuciya: Sa Ido Kan Maganin Danne Garkuwar Jiki Bayan An Dawo Gombe

Me ya sa ake ta ɗibar jini alhali mutum ya warke?

Garkuwar jiki ba ta daina kallon sabuwar zuciya a matsayin baƙuwa, shi ya sa ake shan magani har ƙarshen rayuwa: galibi tacrolimus da mycophenolate da prednisolone. Tacrolimus ne mai wuyar sha'ani. In ya yi kaɗan jiki ya far wa zuciyar, in ya yi yawa ƙoda ta sha wuya. Yawancin cibiyoyin dashe na neman adadinsa a jini ya kasance 10 zuwa 15 ng/mL (ma'aunin yawan magani a jini) a watanni biyun farko, 8 zuwa 12 har wata shida, daga nan 5 zuwa 10. Adadin da likitan dashenka ya rubuta shi za a bi.

Yaushe ake ɗibar jinin?

Nan aka fi samun kuskure. Ana so a auna maganin lokacin da ya kai ƙasa, awa 12 bayan shan na dare. Ka sha ƙarfe takwas na dare, a ɗebi jini ƙarfe takwas na safe, ƙwayar safiya tana aljihunka, sai an zare allura ka haɗiye. In ka sha kafin ka fito daga gida, sakamako zai fito sama ƙwarai, likita ya rage maganin da bai kamata a rage ba. Ana zuba jinin a kwalba mai murfi launin shunayya (purple). Ba kowane ɗakin gwaji ke auna tacrolimus ba, don haka ka tambayi likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe inda za a aika, kuma a riƙa komawa wuri ɗaya.

Me ke hargitsa adadin tacrolimus a jini?

Rifampicin na tarin fuka yana zubar da shi ƙasa sosai. Clarithromycin, erythromycin, fluconazole da garehul suna ɗaga shi. Gudawa ma ɗaga shi take yi, ko da yake mutane na zaton akasin haka, don haka gudawar da ta wuce kwana ɗaya ta isa a kira likita. Diclofenac da ibuprofen na kemis suna haɗuwa da shi su illata ƙoda. Jiƙo da tsimi kuwa a bar su kwata-kwata. Kada a musanya Prograf da Advagraf, nau'o'i biyu na tacrolimus: na farko sau biyu ake sha a rana, na biyu sau ɗaya.

Waɗanne alamomi za a kula da su?

Rawar hannu, ciwon kai da hawan sukari na iya nuna tacrolimus ya yi yawa. Ƙin karɓar sabuwar zuciya da jiki ke yi kuwa yakan zo shiru, domin an yanke jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo lokacin dashe. Sai dai gajiya, haki, kumburin ƙafa, ko nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana biyu. A hau sikeli kowace safiya a rubuta. Tare da tacrolimus ana duba aikin ƙoda, potassium, magnesium da fararen ƙwayoyin jini, domin mycophenolate na rage fararen ƙwayoyin. Mace mai shan mycophenolate ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, yana nakasa jariri.

Azumi fa?

Daga sahur zuwa buɗa-baki ya fi awa 12, ga zafin Gombe mai ƙafar da ruwan jiki. A shekarar farko likitoci kan hana. Bayan nan likitan dashe ne zai yanke, ya sake tsara lokutan sha, a auna jini bayan an fara.