Waiwaye: Mai fasaha da mai hali a Damagaram, daga kalangun mahauta zuwa ƙyallen talla

Yau in za a yi wasa a Gidan Al'adu na Abdussalam Adam ko a filin wata unguwa, abin da ake fara ɗaurawa shi ne ƙyalle mai tambarin kamfani ko ƙungiyar da ta ba da kuɗi. Matasa da dama suna ɗauka cewa wannan hulɗa tsakanin masu fasaha da masu hali ta zo ne tare da ƙungiyoyin waje. Alhali Damagaram ta daɗe da sanin ta, kuma tana da hanyarta ta yaba wa wanda ya riƙe amanarta.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884, Zinder, babban birnin Damagaram, mahaɗar ayari ce tsakanin Kano, Kukawa, Agadas da Tarabulus. Unguwar Birni ta sarauta ce, unguwar Zango ta fatake da baƙi. Cikin kayan da ake ɗora wa raƙuma akwai jemammiyar fata da gashin jimina, don haka falke bai da ciniki in babu majemi da baduku. Attajirai irin su Malam Yaro, wanda sunansa ya kai har Tarabulus a ƙarshen ƙarnin, da aikin hannun waɗannan mutane suka tara wani ɓangare na dukiyarsu. Shi kuma mai hali in ya samu, magini yake nema ya zana masa fuskar gida, duk mai wucewa ya san akwai wadata a ciki. Wannan al'ada ta ci gaba har zamanin cinikin gyaɗa, ita ce ta bar mana zanen da ake zuwa kallo a Birni da Zango.

Inda abin ya fi burge ni shi ne wajen makaɗan sana'a. Kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma ranar gayya. Mai kalangu ba baƙo ba ne a mahauta. Shi ke sanar da gari an yi yanka, shi ya san kirarin kowane ɗan fawa da na ubansa, shi ke zuga wanda zai yi hawan ƙaho har ya manta da tsoron bijimi. A madadin haka yana da rabonsa na nama, yana da riga ranar salla, in ya yi suna ko aure mahauta ne a gaba. Babu takarda, amma kowa ya san haƙƙin kowa, kuma ɗa yana gadon ubansa ta ɓangarorin biyu. Yabon ma a bainar jama'a ake yin sa, kuma yana zuwa yana dawowa: makaɗi ya ambaci mai kyauta da suna, mai kyauta ya tashi ya yafa masa riga kowa na gani. Haka abin yake a fada, inda Mu'azu Ɗan Alalo ya yi suna da waƙar sarakunan Damagaram.

Tsarin yana da nasa rauni. Ana son waƙar maroƙi, ana ƙin ba shi ƴa. Gidan da magini ya ƙawata kuwa da sunan mai gida ake kiransa, shi ya sa yau za ka tsaya gaban zane mai ban mamaki ka tambayi wanda ya yi, a yi ta kallon juna.

Faransawa sun kama garin a 1899, suka mai da shi hedikwatar ƙasar Nijar daga 1911 zuwa 1926, sannan suka koma Yamai. Jirgin ƙasa da ya iso Kano ya kashe ayarin hamada. Kamfanonin Turawa sun sayi gyaɗa da fatu, amma ba su da makaɗi, ba su kuma san bukatarsa ba.

Bayan 1974 gwamnati ta zama babban ubangida. Shugaban ƙasa Janar Seyni Kountché ya farfaɗo da ƙungiyar matasa ta Samariya, aka kafa bikin matasa na ƙasa mai zagaya jihohi, ana gasar waƙa, rawa da wasan kwaikwayo, ana ba da kyauta. A wannan zamani ƴan wasan gidan rediyon gwamnati na Zinder, da Yazi Dogo a cikinsu, suka sa ƙasa duka tana jiran wasan Hausa. Samariya ta unguwa ce, saboda haka mai kanti da mai mota da tela duk suna sa hannu in za a fita gasa, don in an ci, unguwa ce ta ci. Sai dai saƙon da ke cikin wasannin sau da yawa na hukuma ne.

Taron ƙasa na 1991 ya rufe wancan babi, karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ƙara tsuke aljihun gwamnati. Gurbin sai ƙungiyoyi masu zaman kansu suka cike, daga baya kamfanonin wayar salula suka biyo. Aka shiga zamanin furoje, wato aikin ɗan lokaci da ƙungiya ke ɗaukar nauyinsa: a kira ƴan wasa su yi wasa kan rigakafi, karatun ƴaƴa mata ko zaman lafiya tsakanin matasan majalisun unguwa, a zagaya ƙauyuka, a biya, a rabu. An samu alheri a ciki, mutane da yawa sun ci abinci, saƙo kuma ya isa inda takarda ba ta zuwa. Amma hulɗar da a da ake gadonta ta koma ta wata uku ko shida. Rahoton ƙarshe yana ɗauke da sunan mai kuɗi da adadin ƴan kallo, wanda ya tsara wasan yana cikin "da sauransu". Akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, tun shekarun 1990, sai dai mawaƙin da bai rubuta yarjejeniya ba da wuya ya bi sawun waƙarsa in an ci gaba da sa ta bayan furoje ya ƙare.

Masu aikin hannu sun bi tasu hanyar. Dukawa da majema sun kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa, mata suna kai kaya baje kolin sana'o'in hannu na mata, SAFEM, a Yamai. Rashin tsaro ya kori baƙi masu yawon buɗe ido tun ƙarshen shekarun 2000, gobarar da aka cinna wa cibiyar al'adun Faransa da Nijar a Janairun 2015 ta raba ƴan wasa da wani dandali nasu. Bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba ya sauka Zinder sau biyu, a 2006 da kuma 2018 da sunan Zinder Sabuwa, kowane karo masu fasaha suka samu aiki na ɗan lokaci. Tun 2006 ɗin Birni da fadar sarki suke cikin jerin wuraren da Nijar ke son UNESCO ta amince da su, amma siminti na ta cin gidajen ƙasa, maginan da suka iya zane kuma suna tsufa.

A ganina, in ofishin magajin gari, ƴan kasuwa da fada za su karrama irin wannan haɗin kai, to kada girman kuɗi ya zama ma'auni. A duba daɗewa, a kuma kira sunan ɓangarorin biyu. Mahautan da har yau suke riƙe da mai kalangunsu sun cancanta. Haka ƙungiyar matan da ke adashi suna sayen kayan baduku guda shekara da shekaru, da ɗan kasuwar da ya sa aka sabunta zanen gidansa da ƙasa ya bar yara suna koyo a hannun magini. Wanda kuma ya gyara fuskar gida a Birni, ya sa a rubuta sunan maginin da shekarar aikin a jikin bango, kusa da ƙofa.