Kaska a jikin namun daji masu cin nama

Kaska ƙwaro ce mai rayuwa da jinin wasu dabbobi, kuma tana cikin dangin gizo-gizo, ba na ƙwari masu ƙafa shida ba. Bahaushe ya yi mata kirari da "raɓi mai jini", kuma ba ta bambanta saniyar rugga da zakin dawa. Zaki, damisa, kura, dila da karen daji duk suna yawo da ita, galibi a kunne, wuya, hammata da tsakanin yatsun ƙafa, wato inda harshe da haƙori ba sa kaiwa cikin sauƙi.

Yawancin kaskar da ke kama masu cin nama tana bukatar dabbobi uku kafin ta kammala rayuwarta. Tana ƙyanƙyashewa da ƙafa shida, ta sha jini, ta faɗo ƙasa ta saɓa, ta fito da ƙafa takwas, ta sake hawa wata dabbar. A wasu nau'o'in Afirka, kamar Haemaphysalis elliptica da Rhipicephalus simus, ƙananan suna shan jinin ɓeraye, manyan ne ke neman zaki ko dila. Macen da ta ƙoshi tana zubar da dubban ƙwai a ƙasa sannan ta mutu.

Jinin da take sha ba shi ne babban lahaninta ba. Abin da take zubawa cikin jinin shi ne matsala. Babba a cikin cututtukan da take yaɗawa ita ce Babesia, ƙwayar cuta da ke shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su, ta jawo zazzaɓi da ƙarancin jini. Akwai kuma Hepatozoon, wadda hanyarta ta bambanta: dabba ce ke haɗiye kaskar yayin da take lasar jikinta ko cin abin da ta kama. A Arewacin Amurka, kyanwar daji tana ɗauke da Cytauxzoon felis ba tare da ta kwanta ba, amma idan kaska ta kai wa kyanwar gida, sau da yawa ajalinta ke nan. Haka dila yake da Babesia rossi a kudancin Afirka, cutar da ke kashe karnukan gida.

Wannan shi ne abin lura: namun daji sun saba da ɗauke da waɗannan cututtuka lafiya lau. Sai wani abu ya raunana su kaska ke zama masifa. Tanzaniya ta ba da misali mafi bayyana. A 1994 kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan Serengeti suka mutu, kimanin dubu ɗaya, kuma da farko an ɗora laifin a kan cutar distempa ta karnuka kaɗai. A 2001 irin haka ya faru a kwarin Ngorongoro. Binciken da masana Linda Munson da Craig Packer da abokan aikinsu suka wallafa a 2008 ya gano cewa distempa ta ratsa zakunan nan aƙalla sau biyar tsakanin 1976 da 2006 ba tare da mutuwa mai yawa ba. To me ya bambanta waɗancan shekaru biyu? Fari mai tsanani ne ya gabace su. Ɓauna ta rame saboda rashin ciyawa, da ruwa ya sauka kaska ta rufe ta, ɓaunaye suka riƙa faɗuwa. Zakuna suka samu nama arha, suka kwashi kaska tare da shi. Distempa ta riga ta karya garkuwar jikinsu, sai Babesia ta samu fili ta yawaita a jininsu.

Binciken kaskar namun daji aiki ne mai wuya, domin babu wanda zai duba kunnen zaki yana farke. Masana sukan tattara kaska ne a jikin dabbar da aka sa wa allurar barci don wani aiki, ko wadda mota ta buge a hanya, su kuma ɗebi jininta a gwada a ɗakin bincike.