Waiwaye: Ƙayar shinge da ta cinye filaye a Niyu Zilan

Akwai wata ƙaya da Turawa ke kira gorse, asalinta daga yammacin Turai ne, wajajen Ingila da Ayilan da Faransa da Sifen. Tsiro ne mai duhu, tsayinsa kan wuce mutum, furensa rawaya, ganyensa kuwa duk ya rikiɗe ya zama ƙaya. A can gida ba ta dami kowa ba, shinge ake yi da ita kamar yadda mu muke dasa aguwa ko cini da zugu a bakin gona, har dakawa suke yi su ba dawakai da shanu lokacin sanyi.

To da Turawan Birtaniya suka fara kwarara Niyu Zilan sai suka tafi da irinta, don a wurare irin su Canterbury fili ne fetal ba itacen kafa shinge, ga tumaki kuma sai an killace su. Masanin halittu Charles Darwin ma da ya ratsa ƙasar a 1835 ya tarar an riga an dasa ta a Waimate da ke arewacin ƙasar. Har sayar da irin ake yi a kasuwa fa, mutane na saye da kuɗinsu. Abin da ba su lissafa ba shi ne ƙasar ba ta da sanyin da ke taka mata burki a Turai, babu kuma ƙwarin da ke cin ta, sai ta koma yin fure sau biyu a shekara. Zuwa 1900 majalisa ta saka ta cikin dokar miyagun ciyayi, amma aikin gama ya gama, yanzu ana ƙiyasta ta rufe kusan hekta 700,000.

Matsalar duk a irin take. Kwanson kan fashe idan rana ta yi zafi ya watsa 'ya'yan, su kuma su kwanta a ƙasa shekara 30 ko fiye suna jira. Manomi ya sare, kututturen ya tofo. Ya cinna wuta, zafin wutar ya fasa ɓawon irin da ke kwance su fito dubbai lokaci ɗaya, wato da hannunsa ya yi mata shuka. Ga ta dangin wake ce, saiwarta na ƙera takin kanta, shi ya sa ko a tsandauri ko gefen hanya ko yashin bakin kogi tana kamawa. Kuma tana da mai a jiki, idan ta kama da wuta ba kyan gani. Mutanen garin Bandon a jihar Oregon ta Amurka sun ɗanɗana: George Bennett, ɗan Ayilan da ya raɗa wa garin suna, shi ya kawo ta a 1873, sai a watan Satumba 1936 gobarar daji ta bi ta cikin ƙayar ta lashe kusan garin gaba ɗaya, aka yi asarar rayuka.

An gwada dabaru kala-kala a Niyu Zilan. A 1931 aka kawo wani ɗan ƙwaro daga Ingila mai cin irin, ya zauna daram amma shi furen bazara kawai ya sani, wanda ke zuwa da kaka sai ya tsira. Daga baya aka koma feshi da maganin kashe ciyawa mai suna 2,4,5-T har da jiragen sama, shekaru ana yi, sai da koke kan gubar dayoksin da ke cikinsa ya yi yawa aka daina haɗa shi a garin New Plymouth a 1987. A 1989 aka sako wani mitsitsin ƙwaro mai saƙa kamar gizo-gizo, a 1992 kuma wata asu mai cin kwanso. Sun rage mata ƙarfi, ba su kashe ta ba. Awaki ma na cin ta sosai, sai dai kiwon sai an jure shekaru.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne filayen gwamnati, bakin koguna da gefen titin jirgin ƙasa da gandun daji. Mai gona zai kashe kuɗi ya share nasa, maƙwabcinsa kuma fili ne na hukuma da aka yi wa feshi sau ɗaya kasafin kuɗi ya ƙare, badi iri ya tsallako. Wata doka ta 1993 ta ɗora wa majalisun yankuna tsara yaƙi da irin waɗannan tsirrai amma ita gwamnati dokokin ba su hau kanta ba, sai gyaran 2012 ya ce ita ma dole ta kiyaye haƙƙin maƙwabtaka a kan iyaka. Ni dai a ganina wannan gyara ya yi latti ƙwarai, don shekarun da aka ɓata duk suna nan kwance a ƙasa a matsayin iri.

Sai kuma labarin Hinewai, wanda shi ne ya fi burge ni. A 1987 aka sayi gona hekta 109 a tsibirin kudu kusa da garin Akaroa, aka damƙa wa wani masanin tsirrai Hugh Wilson, shi kuma ya ce ba zai sare ƙayar ba, ba zai ƙona ba, dabbobi kawai zai hana shiga ya tsare wurin daga wuta. Manoman yankin suka ce mutumin nan ya samu taɓin hankali. Hujjarsa ita ce gorse ba ta jure inuwa ko kaɗan, itatuwan ƙasar na asali kuwa suna son inuwa suna ƙanana, to za su tsiro a ƙarƙashinta, ta kare su daga iska da rana, tsuntsaye na kawo iri, idan suka zarce ta tsayi su rufe mata rana ta mutu. Haka kuwa aka yi. Tsawa ta tayar da gobara a 2011 ta ci wani yanki, amma dajin ya ci gaba da dawowa, yanzu wurin ya haura hekta 1,200. Dabarar ba ta aiki ko'ina, sai inda ake samun ruwan sama isasshe kuma akwai ragowar daji kusa da zai ba da iri, kuma ko a Hinewai ɗin suna share ƙayar da ke bakin iyaka saboda gonakin maƙwabta.