Shin Sojoji Kaɗai Ke Juya Siyasar Tailan?

An daɗe ana cewa mutanen Tailan 'yan kallo ne a siyasar ƙasarsu, sojoji kaɗai ke juya akalarta. Masu faɗin haka suna da hujja, domin juyin mulki ya yawaita can.

Amma a Oktoban 1973 zanga-zangar ɗalibai a Bankok, babban birnin ƙasar, ta kawo ƙarshen mulkin soja na lokacin. A Mayun 1992 jama'a sun sake fitowa, aka zubar da jini, har janar ɗin da ke firaminista ya sauka. Tsarin mulkin 1997 kuma ya ba masu zaɓe damar gabatar da ƙudurin doka idan aƙalla 50,000 daga cikinsu suka sa hannu.

Don tantancewa, nemi waɗannan shekarun a littattafan tarihi daban-daban, ka gwada bayanansu. Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.